Masu Bin Sawu Tsakanin Adjamé da Treichville

Har zuwa 1950 babban jirgin teku bai taɓa shigowa Abijan ba. Garin yana bakin tafkin Ebrié ne, tsakanin tafkin da teku kuwa akwai siririn tudun yashi da ya tare hanya. Jirgi sai ya tsaya can cikin ruwa, a sauke kaya cikin kwale-kwale, a kai su gadar ƙarfe ta Port-Bouët, a ɗaga da ƙugiya a ɗora wa jirgin ƙasa. Turawan Faransa sun gwada fasa tudun a farkon ƙarni na 20, yashi ya dawo ya rufe ramin. Sai da suka zauna suka yi nazarin yadda igiyar ruwa ke tura yashi, sannan suka haƙa mashigin Vridi mai tsawon mita 2,700, suka sa bakinsa ya fuskanci wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin teku da suke kira Trou sans fond, don yashin da ruwa ya kwaso ya riƙa gangarawa can. An buɗe mashigin a 1950. A Fabrairun 1951 François Mitterrand, yana ministan ƙasashen da Faransa ke mulka a ƙetare, ya zo ya ƙaddamar da tashar.

Ni a gindin wannan tasha na tashi, a nan kuma nake neman abinci. Aikina kula da kwamfutocin wani kamfanin fiton kaya a Zone portuaire, inda takardar duwan in ta makara da sa'a guda sai kwantena ta kwana, maigida ya biya kuɗin ajiya, ni kuma in sha faɗa. Abokan harkarmu ta 'yantacciyar manhaja, wadda ake sakin rubutun tushenta kowa ya karanta ya gyara, suna shirin taro, suka ɗora mini tsara bita ta yini guda a kan yadda ake gano aibi a kanel na Linux da yadda ake bin sawun abin da yake yi. Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da sauran shirye-shirye. Shi ke raba musu lokaci da ma'adana, shi ke magana da faifai da katin sadarwa da allo. In ya faɗi, komai ya bi shi, har da abin da ya kamata ya gaya maka dalili. Jera darussa bai ba ni wuya ba. Inda na tsaya shi ne wa za a kira, a wane gefen ruwa za a zauna, da wane kaya za a koyar, kuma tarihin unguwannin nan biyu ne ya warware mini.

Layin dogo ya riga tasha. An soma shi a 1904, aka raɗa masa Abijan–Nijar. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Dioulasso a 1934, Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba. Iyayenmu da sunan ƙasarsu ke jikin tarago sai sun kwana sun yini a bayan kamyo kafin su gan shi. A 1934 fadar mulki ta baro Bingerville ta dawo Abijan, aka shata garin yadda mai mulki ke so. Plateau na Turawa ne da ofisoshinsu. A arewa, bayan barikokin soja, Adjamé. A kudu, ƙetaren ruwa, wurin da ake kira Anoumabo, aka mayar da shi Treichville don tunawa da Marcel Treich-Laplène. Baƙin mutum ya shigo da safe ya yi aiki, da yamma ya koma bayan bariki ko ya haye gada. Gadar farko, ta 1931, a kan ruwa take shawagi. Gadar Houphouët-Boigny mai hawa biyu, jirgin ƙasa a ƙasa, motoci a sama, sai 1957.

Da tasha ta buɗe, mutane suka kwararo daga arewa. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir a Treichville, ya fito a 1958, 'yan wasan kuwa samarin Nijar ne masu neman aikin yini. Jagoransu Oumarou Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan yaƙin Indochine, dako yake yi a tasha lokacin da Rouch ya same shi, shi ne kuma daga baya ya lashe babbar kyauta ta farko ta bikin fina-finan Afirka na FESPACO a 1972. Ganda Bazabarme ne. Mu Hausawa namu rabon a tarihin garin ya fi fitowa a kwano: attiéké da soyayyen kifin tuna, garba, wanda ake danganta shi da 'yan Nijar masu sayarwa, kifinsa kuwa daga tashar masunta yake fitowa, taki kaɗan daga ofishinmu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga ƙasar Maraɗi ya zo bayan samun 'yancin kai, ya yi dako har ƙarfi ya ƙare. Bai yi lakwal ba. Mutumin da ya fi ganin girmansa a tasha shi ne malamin ƙirga, wanda ake ce wa pointeur, ya fifita shi a kan kyaftin da Baturen kamfani. Yana tsaye a gindin ƙugiya da littafi da fensir. Duk ragar buhunan shinkafa da ta sauka, ko ta koko da ta hau, sai ya rubuta: buhu nawa, wace alama ke jiki, daga wane ramin jirgi, ƙarfe nawa, wanne ya yage, wanne ya jiƙe. Akwai na jirgi, akwai na sito, akwai na ƙofar da kamyo ke fita. Ba ya ɗaukar ko buhu ɗaya, ba ya tare wa kowa hanya. Ran da kaya suka yi giɓi, ba a tara 'yan dako a yi ta rantse-rantse, littattafan uku ake jerawa. In na jirgi da na sito sun zo daidai, na ƙofa ya gaza, an san tsakanin ina da ina za a nema, an kuma san sa'ar. Baba yakan ce mini, "Kai dai ka yi karatu ka riƙe fensir, ɗana. Mai fensir ba ya gardama da kowa."

Bin sawun kanel aikin malamin nan ne sak. Ka dasa masu rubutu a mashigai, kowanne ya rubuta abin da ya wuce da lokacin da ya wuce, ba tare da ya tsayar da aiki ba, sannan ka jera. Har matsalolinsu iri ɗaya ne. In malamin ya cika tambaya layi ya tsaya, abin da kake son gani sai ya sauya hali. In littafi ya cika, ko dai a daina rubutu ko a shafe na farko. In agogon na jirgi da na sito sun saɓa, jerin ya zama ƙarya. Waɗannan ukun ne mutanen kanel suka shafe shekaru suna fama da su.

Ɗaya hannun sana'ar a wurin kawuna na gan shi, mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwar Treichville kafin gobarar 1997. In an kawo masa rediyo a mace, ba ya fara da sauya kaya. Sai ya kunna, ya taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara da tsinin sukudireba. In lasifika ta yi gurnani, ya san daga nan zuwa lasifika lafiya lau, aibin yana baya, wajen eriya. Sai ya raba abin da ya rage gida biyu ya sake gwadawa, har ya rage ɗan abu ɗaya da zai cire. Tsoffin rediyo da yawa da taswirar wayoyinsu suke zuwa, wani lokaci a manne cikin murfin baya. Kamfani a zamanin bai ɗauki mai gyara abokin gaba ba.

Rediyo ta ba kaset wuri, kaset ya ba bidiyo, a 1996 kuma salula ta iso tare da Ivoiris da Telecel, waɗanda suka zama Orange da MTN daga baya. Zuciyar gyara ta ƙaura arewa, kasuwar Black ta Adjamé, inda teburi mai faɗin kamu biyu ya isa shago. Duk mai ganin yaran nan 'yan canje-canjen gilashi ne kawai, bai zauna kusa da su ba. Sukan cire batir su haɗa waya da akwatin ba da wuta mai nuna yawan abin da ake ja, daga motsin allura su karanta yadda wayar ke tashi. In ta haura tun ba a danna komai ba, akwai inda wuta ke zurarewa. In ta ɗan tashi ta tsaya cak, ƙwaƙwalwa ta farka amma ba ta ci gaba ba. In tana hawa tana komawa sifiri, wayar na tashi tana faɗuwa. Don gano inda wuta ke zurarewa sai su turara allon da hayaƙin ƙaron dalma har ya yi fari, su saki wuta kaɗan, inda farin ya fara narkewa nan ne.

Wani yaro ɗan Damagaram da ke gyara a can shi ya sa na faɗaɗa jerin waɗanda zan gayyata. An kawo masa iPhone da ke mutuwa tana tashi duk bayan kamar minti uku. Bai buɗe ta ba. Ya shiga inda wayar ke ajiye bayanan nazari, ya buɗe fayil mai suna panic-full, ya gangara da yatsa har layin da ke faɗin sunan ma'aunin da ya ɓace. "Yaya, ka ga wannan? Allon lafiyarsa lau. Igiyar wurin caji ce, wanda ya canza ta jabu ya sa." Abin da ya karanta rahoton faɗuwar kanel ne. Shirin da ke lura da zafin waya bai samu amsa daga ma'aunin ba, ya kasa ba da alamar yana raye, mai gadin lokaci ya kashe wayar da gangan. Na ce, "Ƙanena, sauran layukan fa?" Ya ce waɗannan 'yan kalmomin kaɗai aka nuna masa a bidiyo, sauran sai Allah.

Zuriyar masu takarda daban ta taso. Tun farkon shekarun 1990 cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta haɗa ofisoshinta na Dakar, Bamako, Wagadugu, Yamai, Abijan da wasu garuruwa da hanyar saƙo mai suna RIO, injunan Unix suna kiran juna ta layi suna miƙa wasiƙu. A Disamban 1998 aka yi taron Kwatano a kan tafiyar da intanet a Afirka. A 2000 AfNOG, ƙungiyar masu tafiyar da hanyoyin intanet na Afirka, ta yi bitarta ta farko a Cape Town, su Nii Quaynor na Gana suna gaba, cibiyar NSRC ta Jami'ar Oregon tana tallafawa da malamai da kaya. Salonta ne ya zama abin koyinmu: mako guda, kowane ɗalibi da injinsa, ka girka FreeBSD da hannunka, ka kafa sabar suna da ta wasiƙa. Ta je Accra a 2001, Lome a 2002, Abuja a 2007. A 2003 aka kafa FOSSFA, gidauniyar 'yantacciyar manhaja ta Afirka, cikin waɗanda suka kafa ta har da Nnenna Nwakanma, 'yar Najeriya da ta daɗe zaune a Abijan. Taronta na Idlelo ya fara a Cape Town a 2004, ya iso Abuja a 2012. A gida akwai ƙungiyar AI3L ta masu Linux. Rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2010 sun ja mu baya, har Bankin Raya Afirka ya kwashe ya koma Tunis daga 2003 zuwa 2014. Da ƙura ta lafa aka buɗe makarantar ESATIC a 2012, a nan Treichville kan titin Marseille, matasa kuma suka shiga harhaɗa Jerry, kwamfutar da ake ginawa cikin jarkar roba da kayan da aka zubar, a sa mata Emmabuntüs. A 2017 Abijan ta karɓi taron AfPIF na masu haɗa hanyoyin intanet.

Duk wannan alheri ne, kuma shi lokacin ke buƙata. Sai dai girkawa da saitawa aka koya mana. Kanel an ɗauke shi abin da wasu suka gama a wata ƙasa. In inji ya sandare, maganinmu ɗaya daga Vridi har Abobo: kashe, kunna.

Shi ma Linux ɗin ya daɗe ba shi da kayan leƙa cikinsa. Linus Torvalds ya sanar da shi a Agustan 1991 yana ɗalibi a Helsinki, rubutun farko kusan layi dubu 10, a 1992 ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL. Yau ya haura layi miliyan 30. Shekaru da dama makamin mai gyara shi ne printk: ka cusa layi cikin rubutun kanel da zai ce an iso nan, ka sake haɗa kanel, ka sake kunna inji, ka jira. In ya faɗi sai ya zubo saƙon da ake kira oops, lambobi zalla, mutum ya kwafe da biro, ya ba wani shiri mai suna ksymoops ya mayar da lambobin sunayen ayyuka. Mai inji biyu yakan haɗa su da igiyar siriyal, ɗaya ya riƙa rubuta abin da ɗayan ke faɗa kafin ya mutu.

Torvalds da kansa ya ƙi a saka na'urar da ke tsayar da kanel a bi shi taki-taki. A Satumban 2000 ya rubuta cewa irin wannan kaya yana sa mutum ya toshe inda ciwo ya bayyana bai fahimci asalinsa ba. Sai a 2008, a siga ta 2.6.26, kgdb ya samu shiga. Ina ganin yana da rabin gaskiya. Wanda kanel ke cikin kansa yana iya zama ya yi tunani ya gano aibi. Mai koyo kuwa sai ya gani da idonsa tukuna kafin tunanin ya samu abin kamawa, kuma mafi yawan mutanen duniya masu koyo ne.

Sauyi daga gefe ya zo. Karim Yaghmour a Montreal ya fitar da LTT a 1999, Mathieu Desnoyers ya gaje shi da LTTng, wanda har yau a wajen kanel na asali ake ɗaukar sa. A 2004 kprobes na IBM ya shiga, ya ba da damar dasa tarko kusan ko'ina a kanel yana cikin aiki, ba sai an sake haɗa shi ba. A 2005 aka samu kdump: a keɓe ƙaramin kanel na biyu a gefen ma'adana, in na farko ya faɗi, na biyun ya tashi ya kwashe duk abin da ya bari don a bincika. A shekarar ne kuma kamfanin Sun ya fito da Solaris 10 ɗauke da DTrace, aikin Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal, wanda ke bari ka yi wa injin da ke tsakiyar aiki tambaya ba tare da tsoron ka kayar da shi ba. Lasisinsa bai jitu da GPL ba, ba dama a ɗauko. Kishi ya kama mutanen Linux. Red Hat da IBM da Intel da Hitachi suka haɗa SystemTap, amma girka shi kaɗai aiki ne, a farko kuma yakan kayar da injin da aka kawo shi ya duba.

Wanda na fi so shi ne ftrace, na Steven Rostedt, da ya shiga a 2008 a siga ta 2.6.27, ya samo asali daga aikin da shi da Ingo Molnár ke yi na auna jinkiri. Dabararsa mai sauƙi ce. Lokacin haɗa kanel ana barin ɗan gurbi a farkon kowane aiki. In inji ya tashi sai a cike gurbin da umarnin da ba ya yin komai. Ran da ka nemi bin sawu, kanel ya sauya gurbin ayyukan da ka zaɓa kaɗai ya mayar da su kira zuwa mai rubutu, kowace ƙwaƙwalwa da nata littafin mai zagayawa. Ba ka buƙatar girka komai: fayiloli ne a /sys/kernel/tracing, ka rubuta musu da echo, ka karanta da cat. A 2009 perf ya biyo baya, mai ƙirga inda lokaci ke tafiya. Sannan eBPF. Asalinsa matatar fakitin sadarwa ce da Steven McCanne da Van Jacobson suka ƙirƙira a ɗakin binciken Berkeley a 1992. A 2014 Alexei Starovoitov da Daniel Borkmann suka faɗaɗa ta, ta zama hanyar tura ƙaramin shiri cikin kanel, bayan mai tantancewa ya tabbatar ba zai yi ta zagaye ba iyaka ba, ba kuma zai taɓa inda ba a ba shi ba. Da bpftrace a 2018, Linux ya samu abin da ya daɗe yana hange a hannun Solaris. Tarukan da ake tattauna waɗannan abubuwa, Linux Plumbers da ya fara a Portland a 2008 da Kernel Recipes na Paris tun 2012, ga mai fasfo irin namu biza kaɗai ta isa shinge.

Matasan kwamitinmu sun so a fara da eBPF, don shi ake ambata a tallan neman ma'aikata. Ban yarda ba. Ku zaga tasha ku ga abin da ke aiki: akwatunan raba intanet, kyamarori, na'urorin bin kamyo da ake maƙalawa a kwantena mai zuwa Bamako ko Wagadugu. Da yawansu tsohon kanel ne a ciki, wanda bai san bpftrace ba, amma ba wanda ba ya magana ta printk. Saboda haka yadda kayan suka zo duniya haka za a koyar da su. Da safe dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, da karatun oops layi-layi: wane aiki ne ya faɗi, wa ya kira shi, wane adireshi ya taɓa. Daga nan kowa ya kayar da kanel da hannunsa, cikin QEMU, injin kwaikwayo da Fabrice Bellard ya fitar a 2003, ta hanyar loda ɗan direba da na lalata da gangan, sannan ya haɗa gdb, mai bin shiri taki-taki, ya tsaya daidai kan layin. Bayan azahar ftrace: a cusa filasha, a kalli jerin ayyukan da suka tashi, da tsawon lokacin da kowanne ya ci. Sa'ar ƙarshe perf da bpftrace, a ɗanɗana kawai.

Kwamfutocin da za a zo da su galibi France au revoir ne, tsoffin hannu, ma'adana kaɗan. In aka ce kowa ya haɗa kanel nasa, yinin ya tafi a kallon allo. Don haka na haɗa ƙarami tun a gida, da alamomin bincike a jikinsa, da rubutun tushe, duka a filasha. Ba abin da zai dogara da intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka katse a gaban gaɓar Kwaddibuwa, masana da dama suka danganta abin da zaftarewar ƙasa a cikin Trou sans fond ɗin nan. Ranar muka zauna muna kallon juna a ofis, takardu sun maƙale, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya ga wannan ba ya tsara darasin da zai fara da sauko da kaza.

Zancen wuri ya fi cin lokaci. Ɗakunan taro suna Treichville, daga makaranta har Palais de la Culture. Masu iya riƙe ƙarfen dalma suna Adjamé. Plateau na nan a tsakani yadda aka ajiye shi, cunkoson gadoji ya maye gurbin bariki. Ɗalibin injiniya ya san abin da ake nufi da adireshin ma'adana, amma in ka miƙa masa ƙarfe mai zafi hannunsa rawa yake. Ɗan Black zai gano ƙafafun siriyal uku a jikin tsohon akwatin intanet ya liƙa musu waya kafin ka gama bayani, amma in rubutu ya fara zubowa a gudun 115200 sai ya tsaya kallo. Na ce a haɗa su biyu-biyu a teburi ɗaya. Bita ranar Lahadi a Treichville, don mai gyara in ya bar teburinsa ranar aiki abincin gidansa ya bari, kuma a biya masa kuɗin tasin wôrô-wôrô. Amma liƙa wayoyi a Adjamé za a yi kafin ranar, ɗalibai su hau su same su a can, su zauna a benci su koya. Wani a kwamiti ya ce ɗalibai ba za su so shiga Black ba, ana tsoron 'yan yankan aljihu. Na ce can suke kai wayoyinsu in sun lalace. Kanel Ingilishi yake ji, aji Faransanci, benci kuwa nouchi, yaren titin Abijan, da Jula da Hausa, don haka kowane rukuni zai samu mai fassara daga cikinsu.

Inda hannuna bai kai ba shi ne wayar kanta. Android tun 2008 a kan Linux yake tafiya, ke nan kanel ɗin da ya fi yawa a Adjamé shi ne wanda muka fi kasa leƙawa. GPL ya wajabta wa duk mai sayar da na'ura da Linux a ciki ya ba da rubutun tushe, Harald Welte ya ma tabbatar da haka a kotun Munich a 2004. A zahiri wayoyi masu araha da yawa samun tushen kanel ɗinsu sai an sha wuya, ƙofar tashi a kulle, bakin siriyal a toshe. Taswirar da Kawu ke samu kyauta a cikin murfi, jikokinsa na sana'a kuɗi suke biya su same ta ta bayan fage. Duk da haka akwai 'yan kafofi. Da adb ana ciro cikakken rahoton waya. A wayoyi da dama pstore yana riƙe saƙonnin kanel na ƙarshe har bayan an sake tashi. Perfetto da ke cikin sababbin Android a kan ftrace yake zaune, wanda ya koya da rana zai gane shi. Daga Android 12 kuma Google ta sa sababbin wayoyi amfani da gangar jikin kanel iri ɗaya, direbobin kamfani su zo daban. Ya rage duhu, ko da yake aibi ya fi son zama cikin direbobin.

Darasin rufewa na kai rahoto ne. Sabuwar sigar kanel tana fita duk bayan mako 9 ko 10, ɗauke da sauye-sauye fiye da dubu 10. In abu yana aiki a tsohuwa ya lalace a sabuwa, git bisect, daga cikin kayan git da Torvalds ya rubuta a 2005, yana raba sauye-sauyen biyu, ka gwada, ya sake raba rabin da ke da laifi. Gwaji 14 ya isa ya ware ɗaya daga cikin dubu 16. Kawu da zai gane wannan ba sai an fassara masa ba. Daga nan scripts/get_maintainer.pl ya faɗa maka wa ke riƙe da wannan ɓangare, ka rubuta masa wasiƙa gajera: sigar kanel, irin na'ura, abin da ka yi, abin da ya faru, da oops ɗin cikakke ba hoton allo ba. In aka gyara, sunan mai rahoto yakan shiga tarihin kanel a layin Reported-by.

Abu biyu suka rage ban daidaita ba. Kuɗin mota har yanzu ba a samu mai ɗauka ba. Sannan igiyoyin siriyal da ake samu a kasuwa galibi na bolt 3.3 ne ko 5, allunan waya kuwa da yawa 1.8 suke so, in aka haɗa kai tsaye ana iya ƙona ƙafar. Na aika wa ɗan Damagaram ya duba mini ko akwai masu rage ƙarfin a Black. Ya ce kada in sayi komai tukuna, yana da kwali cike da matattun alluna, zai ciro abin da ake buƙata ya haɗa guda ɗaya mu gwada ranar Asabar.